Abin da Ke Bayan Furen Albasa

Tarihin ɗan Adam kaf, in aka tankaɗe shi aka zubar da dussa, bai wuce rigima a kan abu guda ba: wa za a sa gaba, wa za a bari a baya. Na yi shekaru ina koyar da wannan darasi a wata sakandare a Wurno, da alli da muryar da ta dace da shi. Ban gane shi ba sai da na sayi waya mai kyamara uku.

Wayar tana da wata dabara. In ka matsa da ita kusa da abu, sai ta fito da shi tas, har ƙananan gashin jikinsa, abin da ke bayansa kuwa ta narkar da shi ya koma dishi-dishi, kamar an shafa wa gilashi man shanu. Abin ya shiga raina. Duk hutun ƙarshen mako in na je gida Taloka, sai in bi fadama ina neman abin ɗauka: ɓawon tafarnuwa, idon kifin da masunta suka fito da shi daga dam, raɓa a kan ganyen shinkafa. Amma gwanina shi ne furen albasa, irin wadda ake bari a gona don iri. Dunƙule ne fari, ƙananan taurari ɗari a kan tsinke guda. Nakan tsinko ɗaya in kawo gida, in soka shi a kwalba a tsakar gida, in durƙusa.

A haka Inna, mahaifiyata, ta same ni ranar farko.

"Mi kaka ɗauka nan?"

"Huren albasa, Inna."

"Albasa dai wagga da aka sa ma miya?"

"Ita."

Ta tsaya tana kallona. "Anka kai ka karatu har Sakkwato, ka dawo kana durƙusa ma albasa. To, Allah shi sa albarka, Malam."

Ba ta faɗin sunana, ni ne ɗanta namiji na fari. Malam ɗin nan kuwa tana da hanyar furta shi da ke sa mutum ya ji kamar bai gama aji uku ba.

Damuwata a lokacin haske ce. Na karanta cewa rana in ta bugi abu ta gefe guda, ɗaya gefen yakan yi duhu, sai an samu abin da zai maido da hasken. Masu sana'ar suna da fararen faifai na musamman. Ni ina da tiren silba na auren Inna, wanda ba ya fitowa sai an yi baƙi na kirki. Na roƙa, ta hana. Ta ce hannuna bai san darajarsa ba, in dai dole ne ita za ta riƙe abinta. Haka muka zama abokan aiki. Da hantsi, kafin rana ta yi zafi, sai ta tsaya gefena da tire, ni kuma ina ba da umarni kamar mai jagorantar fareti.

"Karkata kaɗan, Inna. A'a, ya yi yawa. Sama kaɗan."

"Ni kam ban taɓa ganin wanda ka haska ma albasa huska ba."

In tiren ya faɗa daidai, sai wani haske mai sanyi ya kwanta a gefen furen, kowane tauraro ya tashi da ɗan bakin azurfa. Nakan nuna mata. Takan riƙe wayar nesa da ido, ta ce, "Yana da kyau, amma ina gidan? Kun cinye mani gida, kai da wayarka."

Sau da yawa na juya kyamarar wajenta, ta sa tiren ta rufe fuska.

"Ni ba a ɗauka ta. Wanda ka son gani na shi taho gida, ina nan."

Ban matsa ba. Na ɗauka tana nan ɗin.

Ta rasu da damina, bayan jinya ta 'yan kwanaki. Da aka share makoki na shiga neman fuskarta. Hoton katin zaɓenta ya goge, don a lalita take ajiye shi tare da goro da allura. A wayata akwai albasa ta kowace fuska, akwai kifi, akwai raɓa. Babu Inna. Sai can na ci karo da wani hoto: furen albasa, ƙudan zuma ya sauka a kansa, hasken nan na azurfa a gefe. A baya, wajen ƙofar madafa, ga wata inuwa shuɗiya mai ɗigon rawaya, a zaune, kai a ɗan sunkuye. Na san zanen. Shi take ɗaurawa ranar Juma'a.

Na kai Sakkwato aka wanke mini shi babba, na rataye a ɗakina na Wurno. Baƙi sukan yaba zumar. Ni ban ƙara ganin zumar ba. Kullum da safe kafin in fita makaranta nakan tsaya in dubi shuɗin nan, wani lokaci har in ce ina kwana. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne fuskarta ta fara kuɓuce mini. Muryar tana nan, har da Malam ɗin. Amma in na rufe ido in haɗa hanci da goshi da tsagen kumatunta, sai su ƙi zama wuri guda.

Malamin kimiyya na makarantarmu ne ya ga hoton wata rana, ya ce ai irin wannan waya ba ta zubar da bayan hoto, ɓoye shi take yi. Akwai wani ɗan layi da za ka ja da yatsa, dishin ya janye, komai ya fito. Ya faɗi haka yana cin gyaɗa.

Tsohuwar wayar tana cikin akwati da fasasshen gilashi. Na kai gyara, na karɓo, sannan na yi mako uku ban buɗe ba. Na ce ba daidai ba ne in gan ta ni kaɗai. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Na aika wa yayata da ke aure a Gandi, ta zo ran kasuwa da la'asar, muka zauna a tabarma. Na ba ta labari duka. Ta dubi hoton bango ta daɗe.

"Inna zaune da hantsi?" in ji ta. "Yaushe?"

Na sa yatsa na ja layin a hankali. Katanga ta fara dawowa, da tsagewar da ke kusa da randa. Ƙofar madafa ta dawo. Igiyar shanya ta dawo. Shuɗin ya tattaru, ɗigon rawaya suka zama furannin atamfa, ɗaya bayan ɗaya.

Yaya ta matso da fuska, sannan kafaɗunta suka fara rawa. Dariya take yi, hawaye na zuba.

"Kai, Malam," ta ce, da muryar da ba tata ba. "In tana can zaune, wa ka riƙe maka tiren?"

Zanen dai na Inna ne, ta wanke ta yafa shi a kan turmin daka ya sha iska. Shekara huɗu ina gaida turmi.