Gambar da ta Koyi Tafiya

Ni fa ban ce zan yi sarki ba. Ina zaman zamana a bayan coci muna babbakar akuyar Kirsimeti, Goggo ta zo ta kama kunnena, wai yaron da zai fito a sarki a wasan kwaikwayon coci gudawa ta kwantar da shi, ni ne madadinsa. Na ce, “Goggo, ni da ko makarantar Lahadi sai an raka ni da tsumagiya?” Ta ce ba karatu ake nema ba, rashin kunya ake nema, ni kuwa ina da ita har ta sayarwa. Shi ya sa har yau in na ji ƙaurin gashin akuya a wuta, ko da fasinja nake a kan babur cikin Tudun Wada, sai tsigar jikina ta tashi.

Ƙauyenmu ɗan mitsitsi ne a hanyar Doguwa, kusan dukkanmu Kiristoci. Mai Unguwa ƙanen marigayi kakana ne, shi ne kuma babban dattijo a coci, kujerarsa ma daban ce, mai hannu. Fadamarsa tana manne da ta Kaka, matar marigayin. Ka san mu da gamba muke yin iyaka, a jera ta tushe-tushe, ba mai taɓa ta. To tunda kakana ya rasu gambar nan ta koyi tafiya. Duk damina sai ta ɗan matsa cikin gonar Kaka, ba ta taɓa yin kuskure ta matsa ɗaya ɓangaren ba. A shekarar nan ta tsallake rijiyar ban-ruwa. In babu rijiya babu albasa, albasar nan kuwa ita ke riƙe gidanmu da bazara. Kowa ya gani. Amma wa zai kai ƙarar Mai Unguwa gaban Mai Unguwa?

Wasan da Goggo ta shirya labarin sarkin nan ne da ke da komai, ya ƙyalla ido a kan lambun talaka har aka kashe mai lambun. Fasto ya sha gaya mana cewa zunubi da kallo yake farawa, kuma manya sun fi zurmawa don ba mai ce musu bari. Babbar rigar da na sa, wajen Mai Unguwa aka aro ta. Ya bayar yana murna, ya zo ya harɗe a gaba.

Ni dai dariya nake so a yi. Na fito ina jan riga, na yi gyaran murya irin tasa, na ce “to, to, to” yadda yake yi. Coci ya ɗauka. Daɗi ya kwashe ni, na zaro ciyawa daga jikin zana, na kafa a ƙasa, na waiga hagu da dama, na tura ta gaba da ɗan yatsan ƙafa.

Ɗif. Ko jariri bai yi tari ba.

Yaron da ke riƙe da ƙoƙon jinin akuya, wanda za a shafa wa mai lambu, ya kife mini shi a riga. Wanda ya fito a annabi ya manta maganarsa. Sai muka ji muryar Kaka daga ɓangaren mata, a hankali, tana ƙarasa masa, inda annabin ke cewa karnuka za su zo neman jinin sarkin. Ba ni take kallo ba.

Na sha duka, wannan ba labari ba ne. Labarin shi ne, washegari da hantsi Mai Unguwa ya fito, karnukan ƙauyen suka bi bayansa. Ba haushi, ba kaɗa wutsiya. In ya tsaya su tsaya, in ya zauna su kwanta nesa kaɗan suna kallonsa. Babana ya ce ƙarnin jinin rigar ne. Aka wanke ta, suka ci gaba. Aka ƙona ta a gabana, suka ci gaba. Har da wani baƙin kare mai yankakken kunne da ba wanda ya san mai shi. Ran Lahadi yana tsaye yana karanta sanarwa, ga su jere a bakin ƙofa cikin rana tsaka, kana jin hakinsu tsakanin kalma da kalma. Mutumin da ke cika kujera ya zube, wuyansa ya koma kamar na zakara.

Yanzu an kafa turakun siminti a fadamar, yaran yanzu ba su san gamba tana iyaka ba. Ina ɗaukar manya a babur, ina jin yadda suke magana a kan filayen mutane, nakan leƙa madubi in ga ko wani abu na biye da mu. Rijiyar dai ta dawo hannunmu. Da kansa ya ɗauki fartanya ya mayar da kowane tushe wurinsa, karnukan suka watse, sai dai bai ƙara zama a kujera mai hannu ba har ya mutu.

Abin da ya kai shi ga fartanya kuwa, ina wurin. Ya shigo gidanmu da azahar, rakiyarsa ta kwanta a ƙofar gida. Kaka tana tsinkar zogale.

“Yaya, ki janye su. Mace mai bin Allah ba ta yin asiri.”

“Mai Unguwa, ni ko kyanwa ba ni da ita.”

Ya ɗaga murya. Ya ce ya yi azumi, ya durƙusa gaban fasto, an yi masa addu'a. “Allah da kansa ya gafarta mini. Ke wace ce da za ki riƙe ni?”

Kaka ba ta ɗago kai daga faifanta ba.

“Ai na ji ka tuba, barka. Gambar ce ba ta tuba ba, da safen nan na gan ta a cikin gonata.”