Robar Sabulu a Tsakanin Kwamfuta Biyu

Labarin da ya iso gida shi ne wai Ɗan Goggo ya yi wa kwamfuta tiyata, ya fitar da hanjinta ya sa mata na rediyo, tun daga ranar take karanta labaran duniya da muryar mace. Goggo ta yi salati ta ce dama tun yana goye ta san likita ta haifa. To, a kwantar da hankali. Ba a yanka kowa ba. Waya uku ya yanka, ya ƙona ɗan yatsa ɗaya, ya kuma sace robar sabulun matarsa.

Shi dai Ɗan Goggo tun yana yaro Allah ya ɗora masa ciwon kwance-kwance. Rediyon Kawu, agogon Baffa, tocilan ɗin gida, babu wanda bai ga cikinsa ba. Idan ya mayar sai kusoshi uku su rage, ya ce kamfanin ne ya yi almubazzaranci. Da ya girma aka rasa inda za a kai shi, sai wani shagon rubuta allunan talla ya ɗauka. Shekara goma sha biyu ke nan yana can.

A shagon akwai kwamfuta biyu. Sabuwa tana teburin gaba, ita ke da intanet, ta nan masu aiki ke turo rubutunsu. Tsohuwa tana lungu, ita kaɗai ta iya magana da injin yanka sitika, domin manhajar da ke cikinta ko kamfanin da ya yi ta ya manta da ita. Ɗan Goggo ya hana ta shinshina intanet, ya ce cuta ɗaya ta shige ta an gama. Saboda haka da filashi ake kai mata aiki. A zare daga sabuwa, a tsuguna ƙarƙashin tebur, a laluba bayan tsohuwa a soka. Sau arba'in a wuni. Gwiwarsa har ta fara kukan ƙofar da ba ta ga mai ba.

Ramukan filashi huɗu tsohuwar ta zo da su duniya. Uku sun riga mu gidan gaskiya saboda soke-soke. Na huɗun ya fara girgiɗi kamar haƙorin kaka.

Mai shago ya leƙa ya gani, ya ce, "Ranar da wannan ramin ya mutu, na sayar da ita da injin a kilo. Sabon inji kuwa yaran yanzu ke tuƙa shi, ba masu furfura ba."

"Allah ya ja da ranka, da sauran ƙwari a jikinta."

"A jikinta ko a jikinka?"

Ɗan Goggo ya kwana yana neman dabara, domin a duk faɗin duniya abu ɗaya ya ƙware a kai, shi ne lallashin wannan tsohuwa, ga yara huɗu a gida masu ci kamar fara.

Dabararsa ita ce kada a sake zare komai. Filashi ya zauna wuri ɗaya, waya ɗaya ta tafi sabuwa, ɗaya ta tafi tsohuwa, a tsakiya a sa makunni. A murɗa dama, filashi na sabuwa ne. A murɗa hagu, na tsohuwa. Kwamfutocin kuwa ba za su taɓa haɗuwa ba ko a mafarki. Ya fere wayoyin ya tarar kowace tana da 'ya'ya huɗu a ciki, ja da baƙa da fara da koriya, dole makunnin ya juya su duka tare. Ya samo irinsa a cikin mataccen rediyo, wanda ake sauya zango da shi. Ya liƙe da dalma, ya zuba komai a robar sabulu.

Gwajin farko kwamfuta ta ce ba ta san wannan baƙo ba. Ashe Babban Injiniyan namu ya sa fara a gurbin koriya. Ya warware, ya sake, ya taƙaita wayoyin. Ta karɓa.

Kwana uku ana zaman lafiya, sai mai shago ya zo ya ga abin murɗawa. Akwai hannun da ba ya ganin makunni ya ƙyale. Ana cikin tura aikin wani mai wanki, fitilar filashi tana ƙiftawa, ya murɗa. Rabin aiki ya tafi, rabi ya tsaya a hanya. Injin ya yanka abin da aka ba shi da zuciya ɗaya. Maimakon SHAGON WANKI DA GUGA, allo ya fito da manyan baƙaƙe: SHAGON WA.

Mai wanki ya tsaya ya karanta, ya ce, "Nawa ne mana. Ko akwai mai ja?"

Mai shago ya juya zai sauke kwandon laifi a kan robar sabulu. Ɗan Goggo, wanda bai taɓa ɗaga ido a gabansa ba, ya ce a sake, amma wannan karon kowa ya sa hannunsa a aljihu. Ya jira fitila ta daina ƙiftawa, ya sallami filashin daga sabuwa, ya ƙirga goma, ya murɗa. Allo ya fito cif, har da guga. Mai shago ya yi tari, ya ce dama shi ma abin da yake shirin faɗa ke nan. Bai sake tayar da zancen kilo ba.

Da labari ya bazu, wani taubashinsa, wanda ba sai an ambaci sunansa ba, ya je ganin abin al'ajabi. Ya zagaya tebur sau biyu, ya shinshina robar, har yanzu tana ƙamshin sabulu.

Ya ce, "Ɗan Goggo, wato duk karatun nan munafuki ka ƙera? Ya ɗauko a nan ya kai can, ya ɗauko can ya kawo nan?"

Ɗan Goggo bai ko ɗago daga sitikar da yake ɓarewa ba. Ya ce, "Aikinku ɗaya da shi, ɗan Kawu. Sai dai shi abin da aka ba shi yake kaiwa, ba ya ƙara gishiri, kuma idan na murɗa shi yana yin shiru."