Ba Sanyi Ba Ne

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a shafin nan ba. Wasu sun ɗauka siyasa ce ta ishe ni. Ta ishe ni ɗin, amma jinya na yi.

Abin ya fara da gajiya. In taso daga shagona a kasuwar Mafara, in zube kan tabarma kamar wanda ya yini huɗa. Sai yunwar da ba ta jin tuwo. Sai ƙiba. Jama'a suka yi ta taya ni murna, wai Malam Garba ya samu wuri, tumbi ya fito. Mutumin da ya yi digiri, ya koyar da 'ya'yan mutane a garin Kaya, ya ƙare da auna taki a tiya, wane wuri ya samu?

Sai kuma abin da ba a faɗi. Sha'awar iyali ta mutu, haihuwa shiru. Matata ta fari ta gaji, ta nemi takardarta, ta yi aure a Bakura. 'Ya'yanta sun isa aike yanzu. Ban ga laifinta ba. Hajara, wadda na aura daga baya, ita ta zauna, shekarunta na tafiya, furfurata na ƙaruwa. Ɗa guda kawai muke roƙo.

Duk wanda na yi wa bayani, kalma ɗaya zai ba ni: sanyi. Ciwon kai, sanyi. Kasala, sanyi. Taubashina Sani, mai magani a Garbadu, ya cika mini jarka da jiƙo, ya ce, "Boko ya daskarar da kai, bawana. Sanyi na, sha ka ga aiki."

Na sha. Gudawa kawai na gani.

Idona ne ya kai ni asibiti. A hanyar Maradun na buge amalanken shanu da babur, da rana tsaka, don ban gan shi daga gefe ba. Likitan ido ya gwada ni, ya ce idon lafiya lau, wani abu ne ke danne jijiyarsa daga ciki. Ya tura ni Sakkwato.

Can aka ɗebi jini. Aka ba ni 'yar kwalba don gwajin maniyyi, ranar na san kunya. Aka tura ni cikin injin hoton ƙwaƙwalwa, mai ƙara kamar na niƙa, na yi ta kalmar shahada. Gonata ta noman rani ce ta biya wannan duka.

Likitar can, sa'ar ɗalibaina, ta nuna mini ƙari a gindin ƙwaƙwalwa. Ta ce ba daji ba ne. Ta ce wajen nan ne ke kula da yunwa da ƙoshi da ajiyar kitse, daga nan kuma umurnin haihuwa ke fita, kamar maigidan da ke duba rumbu kafin ya ƙara iyali. Shi ya sa mace kan daina al'ada idan ta rame sosai. Ni kuwa ƙarin ne ya rikita wajen, yana zuba sinadarin da ke kawo wa mai jego ruwan nono.

Ta ce, "Baba, jikinka zato yake shayarwa kake yi, shi ya sa ya rufe ƙofar haihuwa."

Hajara ta rufe baki da mayafi. Ban sani ba ko dariya ce ko kuka.

Ba a yi mini aiki ba. Ƙwaya ce ƙarama, ba ma kullum ake sha ba. Da farko ta sa ni jiri da tashin zuciya. Ciwon kai ya fara barina, gani ya buɗe, wando ya soma yi mini yawa. Masu taya ni murnar tumbi suka koma tambayar ko karayar arziki ce. Likita ba ta yi mana alkawarin haihuwa ba, ta ce a ci gaba da gwaji, a jira.

Muka jira, damina ta wuce, wata ta zo.

Makon jiya aka raɗa wa 'yata suna A'ishatu.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitocin nan, da Hajara da ta zauna lokacin da zaman ba shi da riba. Shekarun da kalmar sanyi ta cinye mini kuwa, babu mai biya na.

Maza 'yan'uwana, idan ƙiba ta zo da kasala da ciwon kai da mutuwar sha'awa, ku je a auna jininku. Idan haihuwa ta yi jinkiri, ku je tare da matanku, a gwada ku duka. Kada ku jira sai kun buge amalanke.

Sani ma ya zo suna. Ya ci naman rago ya ƙoshi, ya ɗauki jaririyar, ya juya wajen jama'a ya ce, "Kun gani ko? Na ce mishi jiƙona ba ya ƙarya."

Na ƙara masa nama.