Tagar da Kamalu Ya Fara Ginawa

Kamalu ɗan Moriki ne. Mahaifinsa dillalin shanu ne, amma shi tun yana ƙarami duk abin da ke da allo, irin waya ko talabijin, shi ke ɗauke masa hankali. Da ɓarayin daji suka matsa wa yankin, gidansu suka tashi zuwa Ƙaura Namoda, ban da wansa Atiku, wanda ya tsaya har a yanke gero. Wata ranar kasuwa Atiku ya hau babur zuwa Zurmi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

A Ƙaura Kamalu ya sami aiki a shagon Malama Laila, mai buga takardu da koyar da kwamfuta. Ita ta fara nuna masa rubuta manhaja da yaren C. Ta ce kafin manhaja ta yi komai sai ta sami babbar tagarta, wato filin da take bayyana a kan allo, kuma da hannu ake gina ta: a yi wa tagar rajista, a ba ta suna da tsawo da faɗi, a umarce ta ta bayyana, sannan a bar ta tana sauraron linzamin kwamfuta da maɓallai.

Ya daɗe yana fama, na'ura na ƙin karɓa. Wata rana bayan la'asar, shago ba kowa sai shi da Malama, taga ta buɗe. Sai dai ya manta bai ba ta launin ciki ba, kuma irin wannan tagar takan riƙe ragowar abin da ya taɓa bi ta allon. A cikinta akwai guntun katin biki da aka buga da safe, a ƙasansa kuma rabin fuskar mutum. Atiku ne, ya rame, ya tara gemu. Da ya bar gida ba shi da gemu.

Kamalu ya miƙe tsaye. Ya kira Malama Laila. Ta duba, ta ce saura ne kawai da ya maƙale a ƙwaƙwalwar na'ura, wataƙila hoton wani ne da aka kawo bugawa.

"Malama, dubi goshin," in ji shi a hankali. "Wanga tabo ƙahon saniya ne. Ina wurin aka yi mai shi."

Suka bincika duk hotunan da ke cikin kwamfutar, ba wannan fuskar. Ya kama tagar da linzami don ya matsar da ita, fuskar ta dame kamar an ja tsumma a kan jiƙaƙƙen fenti. Da ya rufe ya sake buɗewa, baƙi ƙirin kawai ya gani. Ya yi ta gwadawa har damina ta wuce, bai ƙara ganin komai ba. A ƙarshe ya rubuta layin nan guda da ke sa cikin taga ya yi fari.

Yanzu yana rubuta wa masu kemis na Shinkafi ƙananan manhajoji, ya auri Nazifa, yana da ɗiya. Bai taɓa gaya wa mahaifiyarsa abin da ya gani a tagar ba. Amma bara, da dangi suka taru a kan a yi wa Atiku addu'ar mamaci a raba abin da ya bari, Kamalu ya roƙi a ɗan dakata. Mahaifinsa ya daɗe yana kallonsa, bai tambaye shi dalili ba, ya ce a watse.