Agwagwar da Malam ya bari a tsaye

Jikata ce take rubuta wannan, ni ina faɗa, don ban yi karatu ba. Idan na yi shiru, kuka nake, sai ta jira.

Mijina, Allah ya jiƙansa, gyaran rediyo da talbijin yake yi a kasuwar Salaga. Malam nake ce masa. Wani ya taɓa kawo masa baƙin akwatin wasa, irin na da da ake soka wa kaset a ka, bai dawo karɓa ba. Da ciwon ƙafa ya zaunar da Malam a gida, sai ya jona shi da talbijin ɗinmu. Kaset ɗaya ne. Kafin ya soka sai ya hura masa iska, kamar mai tofi. A ciki akwai wata agwagwa mai hula, irin zanen da yaranmu suke kallo suna ƙanana. Tana gudu, tana tsallake ramuka, tana dira a kan abokan gaba.

Nakan ce, "Malam, da furfurarka kake kiwon agwagwa?"

Yakan ce, "Ita ba ta cin dawa. Naki kajin fa?"

Akwai wata gada a wasan da ta gagare shi. Kullum nan take faɗawa ruwa. Kuma akwatin ba ya riƙe komai, in aka kashe shi sai an koma farko. Ranar da ya haye gadar, ranar 'yarmu ta zo daga Yendi da mota, ta ce ƙafar ta kumbura da yawa, asibiti za su. Ya danna wani maɓalli, agwagwar ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama.

Ya ce mini, "Kada ki kashe. In na dawo zan ga abin da ke gaba."

Gwiwoyina ba sa jure hanya, na zauna a gida.

Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Wutar garinmu ba ta da alƙawari. Ban gaya wa kowa ba, amma a zuciyata na ɗaura ransa a jikin hoton nan: muddin agwagwar tana tsaye, zai dawo. Na san ba haka addini ya ce ba. Na yi istigfari, tunanin bai tafi ba. Na daina kunna fanka don kada in ja wa wayar wuta nauyi. Kan wayar akwatin da ke shiga bango ya yi zafi har ba ya taɓuwa, na zauna ina yi masa fifita da maficin da nake hura gawayi. In hadari ya taso ta wajen Kpandai, sai in fita tsakar gida in yi ta duban sama. In fitila ta yi ƙyaftawa, sai in bar tukunya a wuta in shiga ɗaki da ɗingishi. Maƙwabciyata ta shigo aron turmi, ta ce, "Wa ke kallon wannan?" Na yafa wa talbijin ɗin mayafi.

Daga Yendi ɗanmu ya ɗauke shi zuwa Bawku, inda yake sayar da albasa, wai akwai likitan da ya sani. A waya muryar Malam ta yi ƙasa sosai. Bai tambayi kaji ba. Ya ce, "Tana nan?"

Na ce, "Tana nan, ƙafarta a sama."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Wuta ba ta ɗauke ba. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Da hantsi aka kira ni aka ce ya cika, a can Bawku za a rufe shi. Na ɗaga mayafin, tana tsaye yadda ya bar ta. Na yi gadin abin da aka ba ni, bai hana komai ba.

Mata suka cika gida da gaisuwa, na shiga takaba, akwatin yana kunne a ƙarƙashin mayafi. Da 'yarmu ta dawo ta gani, ta kai hannu bango.

Ta ce, "Mma, wannan zai ƙone mana gida."

Na ce, "Bari. Miƙo mini abin dannawar."

Ban taɓa riƙe shi ba. Inda babban yatsansa yake zama ya goge, ya yi santsi. Na danna inda na ga yana dannawa, kiɗan ya tashi. Na so in gano masa abin da ke gaba. Agwagwar ta sauke ƙafa, ta yi ɗan taku, ta faɗa rami.

Na ce wa 'yarmu ta matsa. Ni na zare wayar da hannuna.