Ramin Mai Moya

Mu da can a jeji, in ƙasa ta lalace ba ma gyara ta. Shanu sun tattake wuri, sai mu kwance bukka mu yi gaba. Sai da na tsufa a Galtimari na gane akwai ƙasar da za ka zauna a kanta ko ta yi kyau ko ba ta yi ba.

Tsakar gidanmu kuwa ba ta yi ba. Mai moya, wato mai kawo mana ruwa a kura, kullum ta hanya ɗaya yake turo kurarsa daga ƙofar gida zuwa gindin randuna. Da damina ta zo, tayoyin kurar suka tona dogayen ramuka biyu, rana ta busar da su suka yi tauri. Ga Malam, maigidana, idonsa ya tafi. Abin da ya rage masa na jin kai shi ne ya fita masallacin ƙofar gida da ƙafarsa, ba wanda ya riƙe masa hannu. Duk sanda na ga ya doshi ramin nan da sandarsa sai in ga kamar zai faɗi.

Na kai kuka wajen maƙwabciyata, malamar makaranta ce 'yar kudancin Borno, ita ta koya min rubutun nan da furfura a kaina. Ta ce a cocinsu akwai filin ciyawa, in ya yi gargada duro suke cikawa da ruwa su mirgina a kai bayan an yi yayyafi.

Na ce, "Ciyawar wa ke ci?"

Ta ce, "Ba mai ci, Hajiya. Kallo ake yi."

Na yi wa shanun da na sani a duniya jaje a zuciyata, na ari duron.

Ban gaya wa Malam ba, so nake ya ji daɗi ba zato. Da aka yi ruwa ranar wata Laraba, ya shiga ɗaki barcin rana, na zuba yashi a ramukan, muka kama turi ni da Malama. Duron ya fi ni nauyi, ya kuma fi ni ra'ayi. In na ce gabas sai ya yi kudu. Ya take min silifa, ya cinye bakin zanina har sai da na durƙusa. Malama tana dariya ta ce, "Hajiya, layinki a ƙasa ma irin na takarda ne, hawa da gangara." Amma kafin la'asar tsakar gida ta kwanta sumul kamar faifai. Na zauna ina haki, ina jiran yabo.

Aka kira salla. Malam ya fito, ya yi taku kaɗan, ya tsaya. Ya shafa ƙasa da tafin ƙafa, dama, hagu. Sai ya miƙe da ƙarfin hali, ya wuce ƙofa can gefe, ya shige garken awaki. Ina ji aka tayar da salla yana tsaye tsakanin akuya da 'ya'yanta.

Ya ce, "Ke tsohuwa, wa ya ɗauke min hanya?"

Na ce, "Gyara na yi. Ramin nan zai karya ka."

"Ramin nan ne ke kai ni ƙofa. Ƙafar dama a ciki, ta hagu a waje. Kin taɓa ganin na faɗi?"

Ban taɓa gani ba. Na miƙa hannu in fito da shi, ya ƙi karɓa. A ɗaki ya yi sallarsa ranar, da magariba, da isha. Da ya yi faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Washegari na ɗauki fartanya, ni da ban taɓa noma ba, na tona rami tun daga bakin ɗakinsa har ƙofar gida, a kan ƙasar da na kusa karya bayana wajen daidaitawa. Malama ta leƙo ta katanga ta ce in mayar da duron in na gama ɓarnar.

Da azahar Malam ya fito, ya sa ƙafar dama a ciki, ya bi a hankali har ƙofa. Ya tsaya bai juyo ba.

Ya ce, "Na mai moya ya fi miƙewa."

Ya fita.