Wa Ya Yi Tarbiyyar Tom?

A tashar jirgin ƙasa ta birnin Solo, Bu Sutarmi, wato Inna Sutarmi, mai tallar shinkafa a ganye, tana satar kallon wani dattijo a ƙarshen benci. Rigarsa ta batik, yadin nan mai zane-zane, ta sha guga, littafin jarrabawar Turanci na kan cinyarsa. Ta san irinsu: direba ne, a ganinta, mai neman aiki a otal ɗin baƙi, kuma sai ya ci jarrabawa za a damƙa masa mota.

Yana lasar bakin fensir, ya cike gurbi, ya leƙa amsa a bayan littafin, sai ya ɓata rai.

"Bu, raba mana gardama," in ji shi. "Maƙwabci ya zo aron keke wurin wani Tom, aka bar gurbin abin da Tom ya yi. Na zaɓi 'ya ce zai duba'. Wai 'ya ƙi' ne daidai."

"Ƙiri-ƙiri, Pak? Ido da ido?" in ji ta, tana girmama shi da Pak, wato Baba.

"Maƙwabcinsa fa. Wa ya yi tarbiyyar yaron nan?"

Ya goge amsarsa a hankali, ya rubuta ta littafin mitsi-mitsi, ya danne ta da babban yatsa kamar abin kunya.

Ta miƙa masa ƙunshin shinkafa. "Da zafinta, Pak."

Ya yi murmushi har da rusunawa. "Zan duba, Bu."

Ta san ba saya zai yi ba, ta ɗauki farantinta ta yi gaba. Ita dai ba ta taɓa faɗuwa wannan jarrabawar ba.